Katako, ƙarfe, alminiyam ko kwali: da me za ka ƙera babban aikin harhaɗawa na zauren baje koli?

Wanda aka ba zaure aka yanka masa ranar buɗe baje koli, zanensa kuma ya riga ya zauna a takarda, abin da ke hana shi barci shi ne da wane kaya zai ƙera aikin. Ina magana ne a kan irin aikin nan da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba, sai siffofin lissafi zalla: akwatuna, dala, alwatika, masu kusurwa shida, waɗanda ake ƙerawa ɗaya-ɗaya a shago, a kwaso su zuwa zaure, a harhaɗa su su tashi abu guda mai cika ido. Da yawa daga masu fasaha a wajenmu hankalinsu ya fi kwanciya da wannan hanya, don ba ruwanta da batun mutum-mutumi, kuma idon da ya saba da zayyanar bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram ya san yadda maimaita siffa ɗaya ke ƙawata wuri.

Matsayina shi ne kada ƙyalƙyalin kaya ya yi maka zaɓi. Ƙofar zauren, da ƙarfin daɓensa, da hanyar da mota za ta bi, da inda aikin zai kwana bayan an tashi daga baje kolin, su ne za su yanke hukunci. Don kwatancen ya tsaya a kan abu guda, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: akwati 40, kowane gefensa santimita 60, a jera su layi takwas a tsaye, kowane layi hawa biyar, tsayi ya kai mita 3.

## Abin da za ka auna kafin ka shiga kasuwa

Fara da nauyi, kuma nauyi biyu ne. Akwai na akwati ɗaya, wanda shi zai nuna ko mutum ɗaya zai iya hawa tsani da shi ko sai an haɗu biyu. Akwai kuma na aikin gaba ɗaya a kan daɓe. Benen gidan zama yawanci ana lissafa shi ne ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita, na gidan tarihi da zauren jama'a kuwa kilo 400 zuwa 500. Wuraren baje koli da dama a biranenmu gidajen zama ne aka gyara aka shafa wa farin fenti. In a bene za ka kafa, nemi injiniyan gini ya duba kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya.

Sai ƙofa. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum faɗinta bai wuce santimita 90 ba, tsayinta wajen mita 2.1. Je da tef ka auna da hannunka, har da kwanar matakala. Bayan haka sai hanya: daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kowane rami kuma sai kayanka sun ji shi.

Na gaba shi ne daidaito, kuma nan ne irin wannan aiki ya bambanta da sassaƙa. Kuskuren milimita 2 a akwati ɗaya ba wanda zai gani. Jera guda 15 masu irin wannan kuskure, sai ka tarar na ƙarshe ya kauce da santimita 3, ramin noti ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa, ga baƙi suna zuwa gobe.

Batun kuɗi kuma ya wuce farashin kayan a kasuwa. Akwai ladan mai aiki, fenti, noti da bolti, kwalayen naɗewa, kuɗin mota zuwa da dawowa, da man janareta. Ga wani lissafi da zai iya cece ka daga asara tun a takarda. Falle ɗaya na katako, ko ƙarfe, ko alminiyam, girmansa da aka saba shi ne ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Fuska mai santimita 60 za ka fitar da takwas a falle ɗaya, ka ga akwati 40 masu fuska shida-shida za su ci falle 30. Ƙara santimita 5 kacal, gefen ya zama 65, sai falle ɗaya ya ba ka fuska uku, kana neman falle 80 ke nan. Zanen bai sauya a ido ba, amma kuɗin kaya ya ninka fiye da sau biyu da rabi.

Sauran biyun su ne ƙarko da haɗari: sau nawa za a kwance aikin a sake ɗaurawa, kuma me zai faru in yaro ya jingina da shi ko wuta ta kama.

## Katakon filawud

Shi ne wanda na fi ba mai fara babban aiki shawarar ya duba da farko. Akwati na filawud mai kaurin milimita 12 yana kai kilo 15 zuwa 16, duka 40 ɗin wajen kilo 620. Mutum ɗaya zai ɗauka. Kafinta kuwa ba unguwar da babu, kuma kayan suna nan a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da Dei-Dei a Abuja, da kasuwar Katako a Yamai. In an yi kuskuren yanka, ana gyarawa nan take da zarto da gam.

Kada kowa ya raina shi wai kayan talaka ne. Tony Smith na Amurka ya kafa aikinsa mai suna Smoke a zauren Corcoran da ke Washington a 1967, tsayinsa ya haura mita 7, kuma da filawud aka yi shi aka shafa baƙin fenti. Sai a 2005, shekaru da yawa bayan rasuwarsa, aka ƙera na alminiyam ɗin da ke gidan tarihin fasaha na Los Angeles. Rasheed Araeen, haifaffen Karachi da ya karanci injiniyanci, da katako ya yi akwatunansa masu raga na Zero to Infinity, waɗanda masu kallo da kansu ke ɗauka suna sake jerawa. A 2023 guda 400 aka zuba a babban zauren Tate Modern a Landan.

Matsalarsa ta farko inganci ne. Juya fallen ka dubi bakinsa: in ka ga ramuka tsakanin shimfiɗu, ko ɓawon sama yana ɗagowa da farce, bar shi, arha ba ta ado. Ta biyu yanayi. Katakon da aka haɗa cikin hunturun Kano, lokacin da iska ta bushe ƙayau, in ya sauka Legas ko Fatakwal zai sha danshi ya kumbura, layin haɗi ya fito ta ƙarƙashin fenti. Maganin shi ne a shafe kowace fuska ciki da waje, musamman bakin yanka, kafin a haɗa. Ta uku kuma ita mutane suka fi mantawa: sukuru a cikin katako ba ya jure kwancewa. Ka ɗaura ka kwance sau biyu ko uku, ramin ya buɗe, ya daina kamawa. Don haka tsakanin akwati da akwati a yi amfani da bolti mai ratsawa, da notin nan mai haƙora da ake dasawa cikin katako. Ga gara in an ajiye a sito, ga kusurwa mai saurin ɓantarewa a mota, ga shi kuma yana cin wuta.

Wani zai ce maka ka ɗauki MDF, allon da ake yi da garin katako da gam, don ya fi santsi ya fi karɓar fenti. Gaskiya ne, amma ya fi nauyi, bakinsa ba ya riƙe sukuru, ruwa kaɗan ya taɓa shi sai ya kumbura ba ya komawa, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu. Ga aikin da zai yi tafiya, ban ga amfaninsa ba.

## Ƙarfe

A nan sai an raba magana biyu, don akwati rufaffe na farantin ƙarfe daban, ƙwarangwal na bututu daban.

Rufaffen akwati da faranti mai kaurin milimita 1.5 yana kai kilo 25. Guda 40 sun haura tan ɗaya, kuma a jerin da muka ɗauka, wannan nauyi zai zauna ne a kan ƙasa da murabba'in mita 3, wato wajen kilo 350 a kowace mita. Benen gidan zama ba a yi shi don haka ba. Ƙari a kan wannan, siririn faranti ba ya son zafin walda, yana lanƙwashewa ya yi ciki, sai an bi shi da giranda da bodi-fila irin na masu gyaran mota, kuma fitilar zaure ba ta rufa wa kowa asiri. In dole sai rufaffe, nemi masu injin lanƙwasa faranti, a rage yawan layin walda.

Ƙwarangwal kuwa, na bututu mai kusurwa huɗu milimita 25, kaurin bango 1.5, yana cin mita 7.2 a kowane akwati, nauyinsa wajen kilo 8. Duka aikin kilo 320 ke nan, rabin na filawud, kuma ya fi kowane zaɓi jure ɗaurawa da kwancewa. Haske na ratsa shi ya zana inuwa a bango da daɓe, abin da mai fasaha Sol LeWitt na Amurka ya gina sunansa a kai tun shekarun 1960 da fararen akwatunansa buɗaɗɗu. Kayan suna Ƙofar Ruwa a Kano, masu ƙira suna cike da Panteka a Kaduna. Sai dai ka tafi da ma'aunin kauri, ka auna bangon bututun da kanka kafin ka biya.

Inda aikin ƙarfe ke lalacewa shi ne hannun mai walda. Ba rashin gwaninta ba ne. Yawancinsu sun saba da ƙofa da taga da get, inda milimita 3 ba ta dami kowa ba. Zauna da shi ku ƙera allon awo tukuna: faranti mai kauri shimfiɗe, an ɗana masa 'yan guntayen ƙarfe da za su riƙe kowane bututu a wurinsa, ta yadda akwati na farko da na arba'in za su fito daga gado ɗaya. A ɗiga walda a kusurwoyi, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, a fuska mai santimita 60 dole duka biyun su ba da 84.9, sannan a cika. Walda tana jan ƙarfe in tana hucewa, shi ya sa ake yin gefe ɗaya a koma na daura da shi. Ramukan bolti ma ta ma'auni ɗaya za a huda su duka.

Tsatsa ita ce abokiyar gaba, musamman kusa da teku. A kankare, a sa jan fentin farko, sannan mai fentin mota ya fesa na sama. In da hali, fentin garin nan da ake gasawa a tanda ya fi ƙarko. Bututun da aka lulluɓe da zinki kuma hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi, a yi shi a fili.

Abu ɗaya ba na sassautawa a kansa: ba a walda a cikin zaure, kuma ba a wasa da ƙarfe mai nauyi. A 1971, wajen kafa wani aikin mai fasaha Richard Serra a cibiyar fasaha ta Walker da ke Minneapolis a Amurka, farantin ƙarfe mai nauyin kusan tan biyu ya faɗo ya kashe ma'aikaci. Ƙwararru ne suke aikin, a ƙasar da ba ta rasa kayan ɗaga nauyi ba. Duk abin da ya fi ƙarfin mutum biyu, a kira masu sana'ar ɗaga kaya.

## Alminiyam

Nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, don haka sai an ƙara kauri. A aikace rabi za ka rage: akwati na faranti milimita 2 yana kai kilo 12. Ba ya tsatsa, yana yin shekaru, kuma in an ƙera shi da kyau babu mai kama shi a tsabtar layi. Akwatuna 100 na alminiyam da mai fasaha Donald Judd ya jera a garin Marfa ta jihar Texas a Amurka tsakanin 1982 da 1986 su ne shaida.

Kuɗin ne ke korar mutane. Kilo ɗaya nasa ya ninka na ƙarfe sau da yawa, waldarsa kuma sai mai injin argon, wanda ba kowane gari ake samu ba. Masu haɗa tagogin alminiyam yanka da sukuru da ribit suka iya, kuma za ka iya tsara aikinka a kan wannan gwaninta tasu maimakon walda. Yana saurin ƙarzuwa, zufar yatsa kan bar masa tabon da ba ya fita, sai da safar hannu ake taɓa shi. Bolti kuma a sa wanda ba ya tsatsa, don baƙin ƙarfe da alminiyam in danshi ya shiga tsakaninsu cin juna suke.

Akwai ƙaninsa mai sauƙin kuɗi, alukobon ɗin da ake lulluɓe gidajen mai da shaguna da shi. Shimfiɗe yake sumul, da launinsa yake zuwa, ana tsaga bayansa a naɗe shi ya zama akwati. Amma wanda cikinsa roba ce zalla yana ci da wuta sosai. Irinsa ne ya yaɗa gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu. In za ka saya, nace a kan mai ciki mai jure wuta.

## Akirilik da kwali

Akirilik, gilashin robar da masu allon talla ke yankawa da leza, dalili ɗaya ne ke sa a ɗauke shi: kana son haske da launi su ratsa aikin. Yana da tsada, yana tsagewa daga bakin rami in an matse bolti, kuma yana motsi da zafi. Tsawon mita 3 kan ƙaru da wajen milimita 4 in zafi ya hau da digiri 20, alhali ƙarfe bai kai milimita 1 ba. Yana jan ƙura, wanda a hunturu aiki ne na kullum, yana kuma cin wuta. Kada ka ɗora masa hawa biyar. Yi ƙwarangwal na ƙarfe, shi ya zama fuska kawai.

Kwali mai ninki biyu ya fi kowa arha da sauƙi, akwati bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, wuƙa da gam sun isa. Charlotte Posenenske ta Jamus ta yi manyan bututun kwali a 1967, ta bar wa masu kafawa su jera yadda suka so. Ɗigon rufi ɗaya cikin damina ya gama da shi, kuma ba ya son wuta ko kaɗan. Amma ko da me za ka ƙera aikinka daga baya, fara yin akwati uku ko huɗu na kwali a cikakken girmansu, ka kai su zauren, ka shigar ta ƙofa, ka tsaya ka kalle su a ƙarƙashin fitilar wurin.

| Kaya | Nauyin akwati ɗaya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samun mai yi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Filawud, mm 12 | kilo 15 zuwa 16 | matsakaici | matsakaici | ko'ina | danshi, gara, wuta |
| Farantin ƙarfe, mm 1.5 | kilo 25 | sama da matsakaici | sosai | akwai, gamawa ke da wuya | nauyi a daɓe, tsatsa |
| Bututun ƙarfe, mm 25 | kilo 8 | matsakaici | sosai | ko'ina | karkacewar walda, tsatsa |
| Alminiyam, mm 2 | kilo 12 | tsada sosai | mafi daɗewa | manyan birane | ƙarzuwa, tabon hannu |
| Akirilik, mm 5 | kilo 13 | tsada | kaɗan | manyan birane | tsagewa, wuta |
| Kwali mai ninki biyu | kilo 2 zuwa 3 | arha | makonni ko watanni | kai da kanka | ruwa, wuta |

## Ranar kafawa

Duk kayan da ka zaɓa, kada zaure ya zama wurin da aikin zai fara tsayuwa. A harhaɗa shi gaba ɗaya a shago ko tsakar gida, a sa wa kowane akwati lamba a inda ba a gani, a zana taswirar jeri a takarda, a ɗauki hoto hawa-hawa. Ƙera ƙari uku ko huɗu saboda hanya. In rufaffen akwati ne, bar fuska ɗaya mai cirewa inda hannu da sifana za su shiga, in ba haka ba za ka ga bolti ba ka da yadda za ka ɗaure shi.

Daɓe ba ya taɓa zama lebur yadda ido ke gani. Hawa na farko shi ne aikin: a daidaita shi da ma'aunin magina, a cusa 'yan siraran katako inda ya kwanta, a sa roba a ƙasa don kada tayil ya fashe. Karkatar da ba ta kai komai ba a ƙasa, a mita 3 kowa zai gan ta.

Sai batun kifewa. Layi ɗaya na filawud mai hawa biyar kilo 78 ne, amma in yana tsaye shi kaɗai, turin da bai wuce na kilo 20 ba a daidai ƙirjin mutum ya isa ya kifar da shi. Baƙon da ya jingina yana ɗaukar hoto zai iya yin haka. A ɗaure layukan da juna, a faɗaɗa gindi, a zuba buhunan yashi a akwatunan ƙasa, ko a nemi izinin huda daɓe ko bango tun kafin a sa hannu a yarjejeniya. A rubuta kuma wa zai kwance, wa zai biya motar dawowa.

In siffarka ba akwati ba ce, wahalar yanka ta ƙaru. Dala mai fuska huɗu fuskokinta na haɗuwa a digiri 70.5, mai fuska takwas a 109.5, shi ya sa su biyun ke cike wuri ba giɓi in an gwama su. Irin wannan kusurwa ido da zarton hannu ba sa ba da ita sau ɗari a jere, sai injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ko zarton tebur da aka saita aka kulle.

## Wanne ya dace da wa

Ɗalibin da ke shirin baje kolin kammala karatu, a Zariya ne ko Maiduguri, aikin zai yi sati biyu ko uku kuma aljihu ba nauyi, ya ɗauki kwali in rani ne, ya zuba kuɗinsa a kan yanka mai tsabta da fitila.

Wanda ke son rufaffun siffofi masu launi, baje koli ɗaya ko biyu a gari ɗaya, filawud mai kyau da bolti mai ratsawa ya ishe shi. In zauren a bene yake, ya rage hawa ko ya baza jerin.

Aikin da zai yi yawo, yau Kaduna, gobe Abuja, jibi Legas ko Yamai, bututun ƙarfe ne nasa. In ana son fuska, a ɗaura masa siririn filawud ko akirilik da sukuru, a cire su a naɗe daban lokacin tafiya.

Farantin ƙarfe rufaffe na mai zauren ƙasa ne, mai daɓen kankare da babbar ƙofa, ko wanda aikinsa zai koma farfajiya bayan baje koli.

Alminiyam kuwa sai in akwai mai saye ko hukumar da ta ba da kwangila, aikin zai zauna shekaru, musamman a garin bakin teku. Ko a nan ma, a fara ƙera guda biyu, a ɗaura su da juna a gani, kafin a ba da odar sauran.